Wa Zai Saurari Sama Daga Wasagu?

A hutun da ya wuce, da muka koma gida Wasagu, wani dattijo daga cikin iyayenmu ya tare mu a ƙofar gida bayan sallar lisha, rediyonsa na rataye a kafaɗa kamar kullum, ya ce, "Ku samari, wai me ake koya muku ne a can Jami'a, da ba ku dawowa sai kun rame?" Ɗaya daga cikinmu, wanda ke karatun fiziks, ya ce, "Baba, cikin abin da muke karantawa har da waɗansu taurari da ba a ganinsu da ido, sai dai a saurare su da rediyo." Tsoho ya yi shiru, ya murɗa rediyonsa har ta bar tasha ta shiga shuu, sa'an nan ya miƙo ta ya ce, "To ga ta nan, a jiyar da ni. In kuwa ba za su faɗa mini ranar da za mu koma gonakinmu na bakin daji ba, ɗana, a ƙyale su su yi ta surutunsu."

Mun yi dariya tare da kowa, amma maganar ta bi mu har makwanci, don kuwa ba shi kaɗai ke yin ta ba. Ita ce a bakin ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin kasafin kuɗi a ma'aikatar ilmi, ita ce kuma a bakin da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai, waɗanda ke ganin duk karatun da ba zai kai mutum kujerar ofis ko ɗakin fiɗa ba ɓata lokaci ne. Mu dai ra'ayinmu shi ne ƙasar nan ta taɓa riƙe bakin zaren wannan ilmi a hannunta ta sake shi, kuma abin da ya sa ta sake shi jiya, shi ne ke cin ƙasar Zuru yau. Amma kafin mu kai can wajibi ne mu bayyana ko mene ne abin da ake saurare, tun da ba a cinikin biri a sama.

Tauraro wuta ce mai ci, kowace wuta kuwa da ranar da makamashinta zai ƙare. Idan tauraron ƙato ne ƙwarai, wanda ya ninka ranarmu nauyi sau takwas ko fiye, ba ya mutuwa sannu a hankali. Cikinsa ne ke ruftawa farat ɗaya, bayansa kuma ya tarwatse cikin sarari da haske mai ban tsoro. Abin da ke saura a tsakiya wani dunƙule ne wanda faɗinsa bai wuce kilomita 20 ba, watau tafiyar da manomi zai yi a kan keke tun hantsi bai dubi ludayi ba, amma duk da haka ya fi rana nauyi. An matse shi matsewar da cikin cokalin shayi guda na jikinsa zai kai wajen tan miliyan dubu a ma'auni. Duk wanda ya taɓa wulwula majaujawa yana yaro ya san in igiyar ta gajarce juyin kan ƙara sauri. Haka abin yake ga wannan dunƙule: tauraron da dā yake juyawa a hankali, da ya tsuke ya koma ɗan mitsitsi sai ya shiga juyi kamar mazari. Yana da ƙarfin maganaɗisu wanda babu irinsa a doron ƙasa, daga kusurwoyin maganaɗisun nan biyu kuma igiyoyin rediyo ke fita kamar hasken tocila. In mutum ya tsaya tsakiyar fili da dare yana juyawa da tocila a hannu, wanda ke nesa ba zai ga hasken ba sai lokacin da ya gifta ta fuskarsa. To, kowane giftawa shi ne bugu ɗaya a kunnen na'ura, kuma saboda bugun nan da ke zuwa a kan ƙa'ida kamar na zuciya, Turawa suka raɗa wa irin wannan tauraro suna fulsa, watau mai bugu. Yau an san fiye da 3,000 daga cikinsu.

Wanda ya fi shafarmu a cikinsu labarinsa ya faro ne a shekarar 1054. A watan Yuli na shekarar nan masana taurari na ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23, da dare kuwa ya yi kusan shekara biyu kafin ya dushe. Wani likita mutumin Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya bar bayaninsa da Larabci. Bisa ga ƙidayar da aka saba yi wa sarakunan Kano, a lokacin Bagauda ne ke kan gado. Babu shakka kakannin kakanninmu sun ɗaga kai sun gan shi, don sama ɗaya ce, amma da yake babu wanda ya sa alƙalami, ganinsu ya bi su kabari. Abin da ya saura a wurin fashewar nan shi ne wani hazo da ake kira Hazon Ƙaguwa, a tsakiyarsa kuwa akwai fulsa mai juyawa sau 30 cikin kowane sakan. Nisansa da mu ya kai tafiyar da haske zai yi cikin shekara 6,500. Malamanmu na lissafin damina, masu ƙirga Suraiya da Dabaran da Haƙa'a da Hana'a, sun san unguwar sarai ko da ba su san mai gidan ba, domin hazon yana tsakanin Dabaran ne da Hana'a, gabas da Kaza da 'ya'yanta. A tsakiyar watan Disamba, da tsakad dare, kusan ta bisa tsakar kan mutanen Wasagu yake wucewa.

A nan ne Nijeriya ta shigo cikin labarin, kuma abin kunya ne a ce da yawa daga cikinmu mun gama sakandare ba mu taɓa jin sunan mutumin ba. Samuel Okoye ya yi digirinsa na farko a Ibadan, sa'an nan ya tafi Jami'ar Kambirij a Ingila, inda ya yi bincike a ƙarƙashin Antony Hewish. A shekarun 1964 da 1965, shi da malaminsa suna auna igiyoyin rediyon da ke fitowa daga Hazon Ƙaguwa, sai suka gano cewa a cikin hazon akwai wani ɗan ƙaramin wuri mai tsananin ƙarfi, wanda bayanin da masana ke da shi a lokacin bai isa ya warware shi ba. Sun buga sakamakon a mujallar Nature. Abin da suka ci karo da shi, kamar yadda ta bayyana daga baya, fulsar Ƙaguwa ce da kanta, tun ba a san akwai wani abu wai shi fulsa ba a duniya. Okoye bai wuce shekara 26 ba a sa'an nan. Da Hewish ya karɓi kyautar Nobel a 1974, ya ambaci sunan ɗalibin nasa a laccar da ya gabatar.

Yanzu sai a dubi shekarar 1967 ta fuska biyu. A Kambirij, wata ɗaliba 'yar shekara 24, Jocelyn Bell, ta gama shekara biyu tana kafa turaku da ɗaura wayoyi a wani fili mai faɗin eka huɗu da rabi, ita da abokan aikinta. A watan Yuli na'urar ta fara aiki, tana fitar da takarda mai tsawon kusan mita 30 kowace rana, ita kuwa tana bin ta da ido layi-layi. A cikin tulin takardar nan ta lura da wani ɗan zane da bai yi kama da saura ba, ta ƙi ta yar da shi, har ran 28 ga Nuwamba ta tabbatar bugu ne da ke zuwa bayan kowane sakan ɗaya da sulusi. Fulsa ta farko ke nan. A wannan wata na Yuli ɗin dai, a nan gida, yaƙin basasa ya ɓarke, kuma Nsukka, garin da Okoye zai yi yawancin aikinsa, yana cikin garuruwan farko da wutar ta cinye. Jami'a ta watse, malamai da ɗalibai kowa ya yi ta kansa. Shekaru ukun da duniya ta yi tana rige-rigen gano fulsa ɗaya bayan ɗaya, mu mun yi su ne muna binne 'yan'uwanmu. Okoye ya yi iyakar ƙoƙarinsa bayan yaƙi, ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka a 1972, ya yaye ɗalibai, ya rasu a 2009. Amma ayarin ya riga ya yi nisa.

To, mene ne gagarumin bugu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami? Bugun fulsa yawanci rarrauna ne ƙwarai, har ma ba a jin guda ɗaya shi kaɗai. Dabarar masana ita ce su tara bugu dubbai su ɗora wani kan wani su fitar da matsakaici, da haka hayaniyar da ke gefe ke lafawa siffar bugun ta fito. Amma fulsar Ƙaguwa ba ta wannan hanya aka fara jin ta ba. A 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, David Staelin da Edward Reifenstein, suna saurare da faifan ƙarfe mai faɗin mita 91 a Green Bank, sai suka riƙa jin waɗansu bugu ɗai-ɗai, jefi-jefi, masu ƙarfin da ya keta hayaniyar hazon gaba ɗaya. Ku kwatanta da makaɗin Uhola da ke can wani ƙauye mai nisa. Yana ta kiɗansa a kan ƙa'ida amma iska ba ta kawo muku komai, sai can ba zato ya sauke gula sau ɗaya da ƙarfin da za ku ji a ƙirjinku, sa'an nan shiru, ba ku kuma san yaushe zai sake ba. Masana kan kira bugu gagarumi idan ya ninka matsakaici kamar sau goma, amma na Ƙaguwa wani lokaci yakan ninka sau ɗaruruwa, har dubbai. Kuma duk wanda ya dogara ga matsakaici kaɗai ba zai taɓa sanin an yi shi ba, don lissafin zai haɗiye shi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne gajartarsa. A 2003 Timothy Hankins da abokan aikinsa suka ba da rahoton abin da suka ji da babban faifan Arecibo na tsibirin Fotoriko, mai faɗin mita 305, wanda ya rushe a Disamba 2020. Sun tarar cewa a cikin gagarumin bugu guda akwai waɗansu 'yan tartsatsi da ba su wuce kashi biyu cikin biliyan na sakan ba. Cikin wannan ɗan lokaci haske kansa, da duk gudunsa, bai wuce tafiyar santimita 60 ba. Ma'anar wannan ita ce wurin da tartsatsin ya fito bai kai mita ɗaya ba, watau bai fi randar tsakar gida ba. A tsaya a yi tunani: abu mai girman randa, a nisan shekara 6,500 ta tafiyar haske, ya yi ƙarar da za a ji ta a duniya. Babu wata wuta, kome zafinta, da za ta iya haka ta hanyar ƙuna kawai. Dole ne ƙwayoyin lantarki masu ɗimbin yawa su motsa tare a lokaci guda, kamar 'yan gayya da suka sauke fartanya baki ɗaya. Amma me ke haɗa kansu? Waɗansu masana na cewa igiyoyin maganaɗisu ne ke tsinkewa su sake ƙulluwa can gefen tauraron, inda juyin ke neman kai su gudun haske, waɗansu kuma na da nasu bayanin daban. Fiye da shekara hamsin ke nan ana muhawara, ba a rufe ta ba.

Ba kowace fulsa ke yin wannan ba, 'yan ƙalilan ne, kuma yawancinsu masu saurin juyi ne. A 1982 aka gano wata a Arecibo mai juyawa sau 642 cikin sakan ɗaya, ita ma daga baya aka ji tana sakin gagarumin bugu. Wadda ta fi kowace sauri a cikin waɗanda aka tabbatar, an sanar da ita a 2006, tana juyawa sau 716. Na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai faifai 64, wadda aka buɗe a 2018, ta kama irin wannan bugu har daga wata fulsa da ke wajen garken taurarin da muke ciki. Watau dai daga ƙasar Afirka ake wannan sauraro yanzu, ba mu ne dai ke yi ba.

Akwai wani abu da muka lura da shi a tarihin nan wanda ya kamata ya hana kowane ɗalibi sakewa. Okoye ɗalibi ne. Bell ɗaliba ce. Cikin waɗanda suka gano fulsar 1982 akwai Shrinivas Kulkarni, ɗan ƙasar Indiya, shi ma ɗalibi ne a lokacin. A 2007 wani ɗalibi da bai ko gama digirin farko ba, David Narkevic, malaminsa Duncan Lorimer ya ba shi tsofaffin bayanan da aka ɗauka da faifan Parkes na Ostareliya tun 2001 ya duba, a ciki ya tsinci wani bugu guda ɗaya tak wanda ya fito daga can bayan garken taurarinmu, da haka aka buɗe wani sabon fanni sukutum, har waɗansu masana suka yi zaton ko irin gagarumin bugun nan ne ya ƙasaita. A Afrilu 2020 kuma wani ɗalibi a Amurka, Christopher Bochenek, ya kama wani bugu mafi ƙarfi daga cikin garkenmu, da na'urar da aka haɗa da guntun bututun ƙarfe da farantan gasa kek. Kai, tun asali ma haka fannin ya taso. Bayan Karl Jansky ya gano a 1933 cewa wani sashe na shuu ɗin da ke damun wayar iska daga taurari yake fitowa, mutumin da ya ɗauki maganar da muhimmanci, Grote Reber, a bayan gidansu ya ƙera faifansa na mita 9 a 1937, da kuɗin aljihunsa. Saboda haka ashe Baba bai yi kuskure ƙwarai ba da ya miƙo rediyonsa, sai dai kunnenta ne ya yi ƙanƙanta.

Mu koma kan tambayarsa, kada mu yi masa kwana-kwana. Gaskiya ne, fulsa ba za ta faɗa masa ranar komawa gona ba, ba za ta kuma rage kuɗin taki ba. Duk wanda ya ce wa talaka wannan ilmi zai cika masa rumbu a bana, yaudararsa ya yi. Amma a dubi abin da mutum zai iya kafin ya kama bugu guda. Sai ya san haɗa na'urar karɓar saƙo mai tsananin ji, ya san tace hayaniya, ya san auna lokaci daidai har kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Daɗin daɗawa, bugun ba ya isowa a dunƙule, domin a kan hanyarsa yana ratsa ƙwayoyin lantarki da ke warwatse a sarari, su kuwa suna jinkirta dogayen igiyoyi fiye da gajeru, sai mutum ya rubuta wa kwamfuta lissafin da zai mayar da su wuri ɗaya. Wanda ya iya waɗannan ya iya aikin sadarwa, da na'urar hango jiragen sama, da sarrafa tulin bayanai, watau ayyukan da muke kashe kuɗin waje muna ɗauko baƙi su yi mana. Wani masani ɗan Ostareliya mai suna John O'Sullivan ya yi ta neman waɗansu gajerun bugu daga sama bai same su ba, amma lissafin da ya ƙware a kai wajen neman shi ne ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan Wi-Fi ɗin da muke cunkoso a kansa a bakin ɗakin karatu, hukumar da yake wa aiki kuwa ta karɓi ɗaruruwan miliyoyin daloli a kan haƙƙinsa.

Maƙwabtanmu sun gane wannan. Gana tana da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kutunse, kusa da Akara, wanda aikinsa ya ƙare da zuwan wayoyin ƙarƙashin teku. Maimakon a sayar wa 'yan gwangwan, sai suka haɗa kai da Afirka ta Kudu suka mai da shi na sauraron taurari, aka buɗe shi a Agusta 2017, kuma fulsa na cikin abubuwan farko da suka gwada shi da su. Babban shirin nan na duniya da ake kira SKA, wanda aka fara gininsa a Afirka ta Kudu da Ostareliya a Disamba 2022, yana da ƙasashen Afirka takwas abokan tafiya: Botswana, Gana, Kenya, Madagaska, Morishas, Mozambik, Namibiya da Zambiya. A sake karanta jerin a nemi ƙasar Okoye. Alhali kuwa mu ma an gina mana irin waɗannan tashoshin sadarwa, ɗaya a Lanlate ta jihar Oyo, ɗaya a Kujama, nan kusa da Kaduna. Muna kira ga 'yan'uwanmu da suka riga mu kama aiki a ma'aikatun sadarwa da na kimiyya, da kuma hukumar sararin samaniya da aka kafa a 1999, su ɗaga fayil ɗin tashoshin nan su faɗa wa jama'a abin da za a iya yi da su. Tambaya ce da ƙaramin ma'aikaci ma zai iya sawa a takarda.

Bari mu ɗan ratse mu taɓo wani hali namu. Duk lokacin da aka ambaci fulsa a dandalin sada zumunta, sai ka ga an yi ca ana cewa ai ita ce aka ambata a Suratu Ɗariƙ, a yi ta yaɗa sautin bugunta ana kabbara, daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Fassarar aya aikin malamai ne, ba mu isa mu sa baki ba. Abin da muke cewa kawai shi ne, in har mutum ya gaskata haka, to ai shi ya fi kowa cancantar ya kwana yana saurare, ba ya jira wani ya kama sautin ya aiko masa ta waya ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu jin kalmar ilmin taurari su ɗauka duba ne ko bokanci. Auna nisan tauraro da saurin juyinsa bai haɗa hanya da faɗa wa mutum wadda zai aura ba. Kuma lissafi da duban sama ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa: Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau ana ambaton rubuce-rubucensa a tarihin lissafi.

Amma duk wannan magana ce ta wanda ya samu ya kai Jami'a. Matsalar Wasagu tana can ƙasa da haka. Da yawa daga cikinmu mun zauna jarrabawar fiziks ba tare da mun taɓa riƙe ma'aunin lantarki ba. A makarantar da wasunmu suka yi, malamin lissafi ne ke karanta mana littafin fiziks in ya sami sarari, ɗakin gwaje-gwaje kuwa a nan ake ajiye karyayyun kujeru. Wannan ma a lokacin da ake zaman lafiya ke nan. A Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, waɗansu 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. A Nuwamba 2025 abin ya zo har cikin ƙaramar hukumarmu ta Danko-Wasagu, aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da dare, aka kashe mataimakin shugabanta, aka tafi da yara 25. Allah ya sa sun dawo, amma wa zai ƙirga iyayen da suka ce daga ranar 'yarsu ta gama kwana a makaranta? Jocelyn Bell ma sai da iyayenta suka yi tsaye kafin makarantarsu ta yarda 'yan mata su shiga ajin kimiyya, da ta sami kyautar dala miliyan 3 a 2018 kuwa, gaba ɗaya ta bayar don a ɗauki nauyin ɗaliban da ba a saba ganin irinsu a fannin ba. Tata matsalar ta al'ada ce, ta ƙannenmu ta rai ce. Abin da yaƙi ya yi wa Nsukka cikin shekara uku, shi ake yi wa ƙasarmu a hankali, ƙauye bayan ƙauye, ba tare da an kira shi yaƙi ba. Masu tsara ilmi a Birnin Kebbi da Abuja kuma da matsakaici suke aiki: kashi kaza sun ci, kashi kaza sun faɗi. Yarinya guda mai kaifin kai a Bena ko Ribah ba ta fitowa a wannan lissafi.

Wani abin takaici kuma, ƙasa irin tamu ita ce masu wannan sauraro ke nema ruwa a jallo. Babban abokin gabansu shi ne hayaniyar na'urorin mutane. A Parkes an shekara da shekaru ana jin wani baƙon bugu, sai a 2015 aka gano murhun lantarkin ɗumama abinci ne na ma'aikatan wurin. Afirka ta Kudu sai da ta kafa doka a 2007 don ta tsare shirun yankin Karoo inda na'urorinta suke. Mu namu shirun kyauta muka same shi, na rashin lantarki da rashin masana'antu, sai dai babu mai iya kwana a dajin da kayan aiki.

Saboda haka ba mu ce a gina mana faifan mita ɗari a Wasagu ba. Na farko dai a tsare makarantu, a kai musu malaman kimiyya, a biya su abin da zai zaunar da su. Wannan haƙƙin gwamnati ne, ba roƙo muke yi ba. Sauran kuwa namu ne. Jihar nan tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, ga ta Tarayya a Birnin Kebbi, ga ta Aikin Gona a Zuru da aka kafa a 2020, ga Usmanu Danfodiyo a Sakkwato inda da yawanmu suke. Da tsohon faifan kallon talabijin, da 'yar na'urar karɓar saƙo da ake maƙala wa kwamfuta, wadda ba ta kai kuɗin wayar da ke aljihun yawancinmu ba, ana iya jin igiyar santimita 21 da iskar haidirojin ke fitarwa daga garken taurarinmu. Masu sha'awa a ƙasashe da dama suna yin haka a tsakar gidajensu, waɗansunsu ma sun kai ga kama fulsa mafi ƙarfi. Wannan ba zai kama gagarumin bugun Ƙaguwa ba, amma shi ne bakin hanya, kuma bayanan manyan na'urori da yawa a buɗe suke a intanet ga duk mai haƙurin dubawa, kamar yadda Narkevic ya duba. Ƙungiyar ɗalibai da ke iya tara kuɗin makon al'adu da na bikin rantsar da shugabanni ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Abin da za a auna kuma a rubuta shi, da kwanan wata da sa'a, a ajiye inda waɗanda za su zo bayanmu za su same shi, kada a maimaita ta 1054.

Mu 'yan Wasagu mun riga mun sami faifan, wani maƙwabci ne ya ba mu nasa da ya daina aiki. Mun shirya in Allah ya kai mu hutun Disamba, in kuma hanya ta yi kyau, za mu kafa shi a cikin gari, mu kira ƙannenmu na sakandare maza da mata su riƙe igiya su ga yadda ake yi. Da muka koma wa Baba da maganar, ya ce shi dai har yanzu bai ga abin da za ta tsinana ba, amma zai ba mu aron batirin da yake cajin rediyonsa, muddin za mu mayar masa kafin labarun safe.